Osileta na op-amp ya ƙi tashi ko yana fitar da shirme: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta dawowa duk sanda wani ya haɗa osileta na op-amp da hannunsa, irin wanda ake so ya fitar da sigina mai kusurwa huɗu, wato wuta ta hau sama ta tsaya, ta sauko ƙasa ta tsaya, a yi ta haka. Kayan haɗinsa ba su wuce op-amp ɗaya (ɗan IC ne mai ƙara ƙarfin sigina, yana da ƙafafun shiga biyu, filas da mainos, da awutfut ɗaya) da resista uku ko huɗu da kafasita ɗaya ba amma wallahi yana iya cinye maka wuni guda. Don kar mu rikice, ga sunayen da zan riƙa kira: R shi ne resistan da ya taso daga awutfut zuwa ƙafar mainos, C kafasitan da ke tsakanin ƙafar mainos da giraun (wato wurin sifirin wuta, inda ake auna komai daga shi), R2 daga awutfut zuwa ƙafar filas, R1 kuma daga ƙafar filas zuwa giraun.

1. Wai ya ma sakit ɗin nan yake aiki?

Sai ka fara gane wannan, in ba haka ba duk gyaran da zakayi lalube ne cikin duhu. Awutfut ɗin op-amp a nan baya zama a tsakiya, ko dai yana can sama ko yana can ƙasa. Mu ce yana sama. R1 da R2 sai su raba wannan boltej ɗin su ajiye wani kaso a ƙafar filas, wannan kason shi zamu kira iyaka. A lokacin kuma wuta na bi ta R tana cika C a hankali, boltej ɗin ƙafar mainos na ta hawa. Da zarar ya ɗara na ƙafar filas ko da ƙiris ne sai awutfut ya kifa ƙasa, iyakar ma ta bishi tunda daga jikinsa ake ɗibanta, C ya fara juyewa ta cikin R ɗin dai har sai ya gangara ƙasa da sabuwar iyakar, awutfut ya sake yin tsalle sama. Kafasita ne ke bin iyaka, yana taɓa ta sai ta gudu ɗaya gefen.

Ɓangaren R1 da R2 ɗin nan shi ake kira Schmitt trigger, daga sunan Otto Schmitt wanda ya ƙirƙiro dabarar a shekarun 1930. Abinda zaka riƙe shi ne, in sakit ɗin ya ƙi motsi to kusan kullum ɗayan biyu ne, ko dai kafasita ya kasa cimma iyaka, ko kuma iyakar ce bata gudu.

2. Na haɗa komai daidai da zane amma shiru. Daga ina zan fara?

Kar ka fara da canza IC, kowa da shi yake farawa kuma yawanci IC ɗin bashi da laifi. Ɗauki mita ka auna wuta a kan ƙafafun IC ɗin kansu, ba a bakin batir ba. Biredibod da yawa layin wutarsu na gefe a yanke yake a tsakiya, batir na can ɓangare ɗaya IC na ɗaya ɓangaren babu abinda ya haɗa su, ni kaina wannan ya taɓa hana ni barci har na fara zargin resistoci. Sannan ka duba ko IC ɗin ya hau kan kwarin tsakiyar biredibod kuma babu ƙafar da ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashinsa.

In wuta na isa, to rage gudun sakit ɗin yadda ido zai iya binsa. Cire R da C ɗinka ka saka 470k da 1µF, zai riƙa juyawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa, a wannan gudun mita ma zata nuna maka kafasita na cika yana juyewa. Daga nan ka wuce tambaya ta 6.

3. Wace ƙafa ce wace? Na ga zanuka suna saɓa wa juna.

Ba saɓani bane, IC ɗin ne daban daban duk da dukkansu ƙafa takwas ne. A 741, wanda Fairchild suka fitar tun 1968, ƙafa ta 2 mainos ce, 3 filas, 6 awutfut, 7 wutar sama, 4 wutar ƙasa, ta 8 babu komai a jikinta. TL071 da TL081 ma haka. Amma LM358 da TL072 op-amp biyu ne a gida ɗaya, 1 awutfut, 2 mainos, 3 filas, 4 wutar ƙasa, 8 wutar sama, sannan na biyun 5 filas, 6 mainos, 7 awutfut. Kaga in ka dasa LM358 a gurbin 741, wutar da ka kai ƙafa ta 7 kai tsaye cikin awutfut ka tura ta, IC ɗin kuma bai samu wuta ba sam.

Ana fara ƙirga daga gefen ɗigo ko ɗan yankan da ke kan IC ɗin, a gangara gefen hagu 1 zuwa 4, a zagayo a hau gefen dama 5 zuwa 8. Mutane da yawa a gefen daman suke ɓata, su ɗauka ta saman ce 5 alhali ita ce 8.

4. Batir ɗaya na 9V nake amfani da shi da 741, me yasa ya ƙi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa. Zanen nan mai R1 zuwa giraun an yi shi ne don wuta mai hannu biyu, filas da mainos da giraun a tsakiyarsu. Kai kuma ka ɗauki mainos ɗin batir ka maida shi giraun, to bari mu bi lissafin. 741 baya iya sauke awutfut har sifiri, a wajen 2V yake tsayawa. In R1 da R2 daidai suke iyakar ƙasa ta zama 1V kenan. Shi kuma kafasita awutfut yake bi, iyakacinsa ya sauka 2V ya zauna, yaushe zai kai 1V? Ba zai taɓa kaiwa ba. Sakit ɗin zai juya sau ɗaya lokacin da ka kunna sannan ya kwanta a ƙasa shikenan. Ƙari a kan haka su kansu ƙafafun shigar 741 basa aiki daidai in suka matso kusa da wutar ƙasa.

Mafi sauƙi ka samo batir na biyu, filas ɗin ɗaya ka haɗa da mainos ɗin ɗayan, wannan mahaɗar ita ce giraun ɗinka, sauran bakuna biyun su zama +9V da −9V. In kuma dole batir ɗaya ne, duba ta 5.

5. To ya ake haɗa na batir ɗaya ɗin?

Ƙafar filas zaka ba resista uku masu daraja ɗaya, misali 100k kowanne, ɗaya zuwa filas ɗin batir, ɗaya zuwa giraun, ɗaya zuwa awutfut. Yanzu iyakokin sun taso tsakiya, ta ƙasa wajen kashi ɗaya cikin uku na wutar, ta sama wajen biyu cikin uku, kamar dai yadda IC ɗin taima 555 yake yi a cikinsa. R da C kuma su zauna yadda suke. Op-amp ɗin da ya dace da wannan shi ne LM358, yana aiki daga 3V har 32V kuma ƙafafun shigarsa basa damuwa ko sun sauka har giraun. Sai dai ka sani lissafin firikwansi ya canza, yana ta 8, kuma tsawon sama da ƙasa ba zasu zo daidai ba, yana ta 13.

6. Awutfut ya manne waje ɗaya baya motsi. Ya zan gane mai laifin?

Wuri uku kawai zaka auna, duk daga giraun: awutfut, ƙafar filas, ƙafar mainos. Dokar op-amp ɗaya ce, in filas ta fi mainos awutfut sama, in mainos ta fi filas awutfut ƙasa. Sai ka duba ko IC ɗinka yana bin dokar. In yana bi, laifin na waje ne ba nasa ba.

Awutfut na sama amma ƙafar mainos na kan sifiri bata hawa, to R bai haɗu ba ko kuma C ya yi shot, ko ƙafafunsa biyu ka cusa a layi ɗaya. In ta hau ta tsaya a hanya ƙasa da iyaka, akwai mai sace wutar, yawanci kafasita mai yoyo, duba ta 10. In kuma kaga boltej ɗin kafasita ya hau har ya yi daidai da na awutfut ya zauna abinsa, ɗaya ƙafar na kan rabi, to ka musanya filas da mainos ne, R da C suna kan ƙafar filas, kuma a haka sakit ɗin kulle kansa yake yi. In awutfut ɗin a tsakiya yake, filas da mainos duk lamba ɗaya, R2 ne bai haɗu ba, babu mai tura iyakar ta gudu, amma kafin ka yanke hukunci karanta ta 7 don mita na yaudara a nan.

Sai in ka ga mainos ta fi filas ƙarara amma awutfut na sama shi ne zaka fara kallon IC ɗin. Ko a nan ma TL072 na da wata ɗabi'a, in ƙafar shigarsa ta matso wutar ƙasa sosai yana iya juya awutfut ya koma sama ba bisa doka ba, lafiyarsa ƙalau kuwa, wutar ce ta yi masa kaɗan.

7. Mita tana nuna min rabin wuta a awutfut kuma bani da osiloskop, na'urar da ke zana siffar sigina a allo. Yana aiki ne ko a'a?

Wataƙila ma aiki yake yi tun ɗazu. Mita a DC matsakaici take nunawa, in sigina na tsalle tsakanin +8V da −8V sau ɗari biyar a daƙiƙa zata ce maka kusan sifiri, in na batir ɗaya ne ta ce 4V da wani abu. Juya ta zuwa AC, in ka ga lamba mai tsoka to akwai motsi. Wasu mitocin suna da wurin Hz su faɗa maka firikwansin kai tsaye. Ko ka saka 'yar sifika ta bayan resista 1k ka saurara, kunne na ji daga wajen 20Hz zuwa sama. In duk babu, koma dabarar rage gudu ta tambaya ta 2 ka saka LED da resista 1k ka ga ko tana ƙyaftawa.

8. Ya ake lissafin firikwansin?

Na wuta mai hannu biyu, tsawon zagaye ɗaya T = 2 × R × C × ln((1+β)/(1−β)), inda β = R1/(R1+R2), ln kuma maɓallin ln ne na kalkuleta, firikwansi kuma 1/T. In R1 da R2 daidai suke abin ya taƙaita ya zama T ≈ 2.2RC. Misali 10k da 100nF, T ya zama 2.2ms, wato wajen 455Hz. Na batir ɗaya mai resista uku daidai kuwa T ≈ 1.4RC ne, don haka 10k da 100nF ɗin nan dai zasu baka wajen 720Hz. Mutum ya haɗa wancan ya yi lissafi da wannan sannan ya zo yana cewa kafasitansa jabu ne.

Lura babu boltej ɗin batir a lissafin ko kaɗan. In wuta ta ƙaru kafasita na cika da sauri amma iyakar ma ta ƙara nisa daidai gwargwado, sai su kashe juna. Shi R kuma ka barshi tsakanin wajen 4.7k da 470k, in ya yi ƙanƙanta yana jan awutfut ƙasa, in ya wuce 1M matsalolin ta 10 su taso.

9. Yana aiki amma firikwansin ya yi nisa da lissafina.

Ya danganta da irin nisan. In ninki 10 ne ko 100 ko 1000 cif, to karatun kaya ne ya kuskure. Kafasita mai 104 shi ne 100nF, 103 10nF, 102 1nF, lambar ƙarshen yawan sifiri ce a pF. Resista mai ruwan ƙasa, baƙi, ja 1k ne, in na ukun ruwan lemo ne 10k, in rawaya ne 100k, kuma ja da ruwan lemo a hasken dare sai ka rantse ɗaya ne. Auna da mita kawai, amma ka zare ƙafa ɗaya tukuna.

In bambancin kashi 10 zuwa 30 ne cikin ɗari, kafasitan ne. Irin mai kamar gwangwani ana yarda masa ya kauce da kashi 20 tun daga kamfani, ƙananan siramik irin Y5V kuwa zafi kaɗai na iya zabge musu fiye da rabin darajarsu, riƙe shi da yatsa biyu ka ji sautin na sauyawa. In kana son ya tsaya waje ɗaya nemi na fim ko siramik C0G. In kuma lissafi na daidai a ƙananan firikwansi amma kana hawa yana ƙara ja baya, wannan jinkirin op-amp ne, ta 11.

10. Ina son ya yi jinkiri sosai, daƙiƙa goma misali, na saka babban kafasita da 1M sai ya tsaya.

Kafasitan gwangwani yoyo yake yi, kaɗan ne amma akwai, 'yan µA. Da R na 1M kuma wutar da ke shigowa ita ma 'yan µA ɗin ce, kuma tana raguwa yayin da kafasitan ke cika, to akwai inda mai shiga da mai fita zasu yi kunnen doki ya tsaya cak bai kai iyaka ba. Rage R ka ƙara C, ko ka rage β yadda iyakokin zasu matso kusa. Shi ma op-amp ɗin yana ɗan tsotsa ta ƙafarsa, 741 wajen 80nA, TL072 kuwa na pA ne, shi yasa ya fi dacewa da manyan resistoci.

Wani abin da ake mantawa, a wuta mai hannu biyu boltej ɗin C na zuwa filas ya koma mainos kowane zagaye, kafasitan gwangwani kuma hannu ɗaya ya sani, rabin lokaci a juye yake, yoyon ya ƙaru kuma a hankali ya lalace. Ko dai ka sa wanda bashi da filas da mainos, ko ka haɗa biyu iri ɗaya a jere mainos da mainos, darajar ta koma rabi. A sakit ɗin batir ɗaya babu wannan damuwar, mainos ɗinsa ya kalli giraun kawai.

11. Siginar ba kusurwa huɗu bace, gefunanta a karkace suke, wani lokacin ma kamar dala.

Nan babu kuskuren haɗi, op-amp ɗin ne ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Kowane op-amp na da iyakar saurin da awutfut ɗinsa zai iya hawa ko sauka, a takardar bayanansa zaka ganshi da V/µs. Na 741 0.5 ne. Ka bashi ±12V, awutfut zai yi tafiyar wajen 20V daga ƙasa zuwa sama, 40µs kenan kowane tsalle. A 1kHz rabin zagaye 500µs ne, 40 ɗin bata cika damun kowa ba. A 10kHz rabin zagaye 50µs ne kacal, kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi, ina za a ga kusurwa? Mutane na ganin 1MHz a takardar 741 su ɗauka zai basu sigina mai kusurwa har can, wannan lambar ta ƙaramar sigina ce, bata da alaƙa da abinda muke yi. LM358 ma ba gwani bane, wajen 0.3V/µs ne, ya ma fi 741 nawa.

TL072 na yin wajen 13V/µs, 20V ɗin nan a µs ɗaya da rabi ya gama, amma ka bashi wuta mai hannu biyu, baya son takura. Ko da shi ɗin akwai ɗan jinkiri kuma, op-amp in ya manne a sama ko ƙasa yana ɗaukar lokaci kafin ya saki, a lokacin kafasita ya riga ya zarce iyaka, shi yasa firikwansi ke faɗuwa ƙasa da lissafi. A ganina 741 da LM358 kar su wuce 1kHz zuwa 2kHz in kana son kusurwa ta gaske, in kuma ka doshi 100kHz ka bar op-amp ka koma ta 15.

12. Gefunan a miƙe suke amma saman siginar a gangare yake, ko kuma yana rawa a kusurwa.

Fara zargin osiloskop ɗin. In yana kan AC kuma firikwansinka ƙarami ne saman zai gangara, maida shi DC. In firob ɗinka na kan ×10, maƙala shi a ɗan ƙarfen gwaji da ke gaban osiloskop ka murɗa ƙaramin sukurun jikinsa har kusurwar ta daidaita, firob da ba a saita ba shi kaɗai yana lanƙwasa kusurwa ko ya fito mata da ƙaho. Kuma a wuta mai hannu biyu kilif ɗin giraun ya kama tsakiya ne, ba wutar mainos ba.

In rawar ta gaske ce to saka 100nF siramik daga kowace ƙafar wuta zuwa giraun, dab da IC ɗin, ba can ƙarshen biredibod ba, kuma ka gajarta wayoyin ƙafar filas da mainos. In IC ɗin mai op-amp biyu ne kar ka bar ɗayan yana lilo, haɗa awutfut ɗinsa da mainos ɗinsa, filas ɗin ka kai shi tsakiyar wuta.

13. Lokacin sama ya fi na ƙasa tsawo, ina son rabi da rabi.

Saboda awutfut ɗin baya zuwa nisa ɗaya sama da ƙasa. Ɗauki LM358 a 9V, samansa wajen 7.5V ne tunda kusan 1.5V yake bari, ƙasansa kuma kusa da sifiri. Iyakar sama ta zama 5.5V, ta ƙasa wajen 3V. Wajen cika kafasita na neman 5.5 alhali 7.5 ke jansa, yana zuwa kusa yana sanyi, wajen juyewa kuwa gangara ce mai kyau, sai ka samu sama ya ci kashi 55 zuwa 57. Batir biyu da ɗaya ya fi ɗaya rauni ma haka suke jawowa.

Gyaran da ya fi ba da iko shi ne ka raba hanyar cika da ta juyewa. Ɗauki bariyabul, kowane gefensa ka haɗa da awutfut ta dayod 1N4148, ɗaya na kallon gaba ɗaya baya, ƙafar tsakiya kuma ta tafi C ta bayan resista kamar 4.7k don kar ya zama sifiri in ka murɗa har ƙarshe. Kana murɗawa ɗaya na tsawo ɗaya na gajarta, firikwansi kuma kusan yana nan. A wuta mai hannu biyu akwai wata hanyar, resista 1k bayan awutfut sannan zena biyu gaba da gaba zuwa giraun, R da R2 ka ɗauko su daga wannan mahaɗar, da zena 5.1V zaka samu wajen ±5.8V kuma ko batir ya fara sanyi firikwansi baya yawo.

14. Yana aiki lafiya amma ina haɗa sifika ko LED sai sautin ya canza ko ya mutu.

Awutfut ɗin da kake ɗora wa kaya shi ne dai yake cika kafasita kuma shi ke saita iyaka, in ka danne shi duk sun tafi tare. 741 a wajen 25mA yake ƙurewa, sifika mai 8Ω a wajensa kamar shot ce. LED ba resista ma zata riƙe awutfut a wajen 2V. Sa resista, ko ka bi ta op-amp na biyun da ke cikin LM358 ya zama ɗan tsakani, in kuma ƙara kake so ko rilay zaka ja to tiransisto ne maganinsa, da resista kamar 4.7k a bes ɗinsa.

15. Na saka op-amp da ya fi kyau sai abin ya ƙara lalacewa. Ko kwamfareta zan saka?

In NE5532 ne ko OP07, suna da dayod biyu a ciki tsakanin ƙafar filas da mainos don kariya. A amfilifaya babu ruwansu tunda ƙafafun biyu kullum a tare suke, amma a osileta ɗinmu tazarar ƙafafun na kai bolt da yawa bayan kowane tsalle, dayod ɗin sai su buɗe su haɗe iyaka da kafasita, lissafi ya watse.

Kwamfareta dai, wato IC mai gwada boltej biyu ya nuna wanda ya fi, don irin wannan aikin aka yi shi. LM393 ƙafafunsa iri ɗaya ne da LM358 kuma yana juyawa a wajen µs ɗaya da ɗoriya, sai dai awutfut ɗinsa ja ƙasa kawai ya iya, dole ka sa resista daga awutfut zuwa filas ɗin wuta, in ka manta zai kwanta a ƙasa ka ɗauka ya mutu. Wannan resistan ya zama ƙarami sosai a kan R da R2, misali 3.3k in su 100k ne, don ta cikinsa kafasita ke cika.

16. A simuleshan layi ne kawai a miƙe, amma a biredibod yana aiki. Ko kuma akasin haka.

A kwamfuta komai sifiri ne cif a farko, filas sifiri, mainos sifiri, awutfut sifiri, babu mai ture wani. Na gaske kuwa baya taɓa daidaita haka, 'yar tazarar mV da ke tsakanin ƙafafunsa ta isa ta tada shi. A manhajar simuleshan ta LTspice ba kafasitan ɗan boltej na farawa da .ic, 0.1V ma ya isa, kuma ka zaɓi op-amp mai ƙafafun wuta, wanda bashi da su bai san inda zai tsaya ba. Akasin haka kuma, yana yi a kwamfuta ya ƙi a tebur, yawanci samfurin kwamfutar ne ke kai awutfut har ƙarshen wuta sama da ƙasa, abinda 741 na gaske baya yi, koma ta 4.

17. Zan iya kai siginar Arduino kai tsaye?

In na wuta mai hannu biyu ne a'a, ƙafar Arduino Uno bata ɗaukar ƙasa da −0.5V ko sama da wajen 5.5V. Haɗa na tambaya ta 5 a kan 5V ɗin Arduino ɗin kansa kuma giraun ɗinsu ya zama ɗaya. LM358 a 5V samansa wajen 3.5V ne, Uno zai karanta shi tunda 3V yake nema, amma ga IC ɗin dijital irin 74HC a bakin gaɓa yake. MCP6002 ya fi dacewa, yana kaiwa kusan ƙarshen wuta sama da ƙasa kuma yana yi a 3.3V, kawai dai kar ka kuskura ka bashi 9V, 6V ne iyakarsa.

18. To yaushe zan yarda IC ɗin ne ya mutu?

In ya yi zafin da yatsa baya iya zama a kai, cire wuta nan take, kusan kullum wutar ce aka juya masa, kuma wanda aka juya wa wuta ko ya tashi daga baya ni bana sake yarda da shi. In babu zafi, gwada shi shi kaɗai. Zare R da C da R2, haɗa awutfut da ƙafar mainos da 'yar waya, ƙafar filas ka bata rabin wuta da resista biyu 10k. Awutfut dole ya nuna rabin nan, bambancin 'yan mV ne kawai. In ya nuna, lafiyarsa ƙalau, koma ta 6. In ya manne sama ko ƙasa, jefar da shi kar ya koma cikin sauran.

Akwai kuma jabu, a goge rubutun wani op-amp mai nawa a buga TL072 a kai. Zai ci wannan gwajin lafiya lau, amma osiletan da ka haɗa zai tona shi. Saita shi wajen 10kHz a ±9V ka kalli gefen siginar a osiloskop, na gaskiya µs ɗaya da 'yan kai zai ɗauka ya hau, in ka ga 30µs ko 40µs to abinda ke rubuce a bayansa ba shi ne a ciki ba.